Abincin Da Aka Rataye Mini A Ƙarfe

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Saratu, tsohuwar nan ta Kurugu. Ban yi boko ba. Alƙalamin na matar fasto ne, bakin nawa ne.

Ba zan ɓoye muku ba, ni mace ce mai alfahari da tukunya. Shekara arba'in ba wanda ya kwana da yunwa a gidana, har na ɗauka hannuna ne ke ciyar da mutane.

To, bara, ana cikin cirar gyaɗa, hanjina ya murɗe. Daga Karaye aka tura mu birni, aka yi mini aiki, aka yanke inda ya mutu. Likita ya ce ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakina sai ɗinkin ya kama.

Aka rataya kwalba a ƙarfe, aka sa mini allura a jijiya. Nas ɗin, wata Hajiya mai fara'a, ta ce, "Iya, ga abincinki. Amino asid sunansa. Ƙarfin da ke cikin nama da wake da ƙwai ne, ga ruwan sukari a gefe. Shi zai taimaki ɗinkin."

Na ce, "'Yar nan, wane irin abinci ne ba tururi ba ƙamshi?"

Wayyo! Kwana ya bi kwana. Hannu ya kumbura, ya yi ja, aka koma ɗayan. Kullum a ɗebi jini a duba ƙoda da hanta. Duk wannan bai dame ni ba kamar kewa. Kewar muciya. Kewar daddawa idan ta faɗa cikin miyar kuka, da jikokina zagaye da kwano suna rigimar ƙanzo. Na ce ashe haka zan tafi, bakina a bushe?

Maigidana manomin rani ne, mai tumatir a bakin dam. Wata rana da hantsi ya zauna yana kallon ɗigon nan, ɗis, ɗis. Ya ce, "Saratu, da haka nake ba shuka ruwa ai da ta ƙone. Rowa suke miki." Ya murza ɗan abin da ke jikin robar da ruwan ke bi, ya buɗe shi kamar bakin kwamin ban-ruwa a lambu. Ni kuwa ban hana shi ba, na ma ji daɗi.

Kafin a jima fuskata ta ɗauki wuta. Zuciya ta tashi, kai na sarawa, ƙirji na dukan tara-tara, ga amai yana yunƙurowa ta kan sabon ɗinki. Hajiya ta sheƙo da gudu ta rufe, ta kira likita.

Ta ce, "Baba, Iya ba tumatir ba ce! Ɗigon nan a ƙirge yake. Da ɗinkin ya ɓalle fa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, yana hawaye.

Da na samu kaina na dubi kwalbar. Kwana shida tana riƙe da raina, ban taɓa yin addu'ar abinci a kanta ba, ni da ba na bari yaro ya kai loma baki sai an gode. Na kama hannun maigida na ce, "Ya Uba, na raina abincinka don ba ni na dafa ba. Ka gafarta mini. Mun gode da wannan, yadda ka aiko shi."

Daga ranar, kowace sabuwar kwalba sai mun yi mata addu'a.

A rana ta goma sha ɗaya aka yarda in sha koko, cokali uku. Halleluya! Maigida ne ya riƙe cokalin, yana cewa, "A hankali, Saratu."

Na ce, "Yau kai ne mai a hankali?"

Har yanzu loma biyar nake iyawa. Ina tuƙa tuwo, ina kallon jikoki suna ci, raina yana biyawa. Amma ina raye, ƙamshin yana isa gare ni.

Na gode wa Ubangiji. 'Yan'uwa, in ya ba ku da ɗigo-ɗigo, kada ku murza. Ku dogara gare shi. Amin.