Igiyar da Na Ɗaura a Ƙafata

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a kanku, manya da yara.

Sunana Ishaya, mai amalanke, daga wani ƙauye can gefen Cadawa. Waɗanda suka san ni tun da, da abu guda suka san ni: barci. Ni fa ko ganga aka buga a kaina sai na kai safe. Sau nawa Fasto yana wa'azi a majami'ar nan, matata Saratu tana zungurina da gwiwar hannu? Ku yi dariya, ai gaskiya ce! To, mutumin nan da kuke yi wa dariya ya yi wata da watanni barci bai san idonsa ba. Kuma ba ciwo ya jawo mini ba, mutum ne.

Ina da sa guda, baƙi mai fari a goshi, muna ce masa Goshi. Shi ke kai taki gona, shi ke kwaso dammunan gero, ranar kasuwa shi ke jan kayan mutane. Tuwon gidana a wuyansa yake. Da satar shanu ta yi yawa a yankinmu, sai nauyin barcina ya fara ba ni tsoro. Na yi dabara: in dare ya yi sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗaura doguwar igiya a ƙahonsa, ɗaya bakin kuma a ƙafata. In ya motsa, in ji ɗan ja. Har na saba, jan nan ne ma ke sa ni barci mai daɗi, don na san yana nan.

Mutum biyu kaɗai suka san wannan, Saratu da Bulus.

Wasunku sun san Bulus. Tare muka yi lakol, wato makarantar boko, tare aka yi mana baftisma, shi ne abokin angona. Ga wurin zamansa can kusa da taga. Kwano ɗaya muke cin tuwo, kuma Goshi ya san hannunsa kamar nawa.

Wata rana da kaka, na wuni ina jidar gero har gaɓoɓina sun mutu, sai ga Bulus da yamma da ƙwaryar fura. Ya ce, "Sarkin barci, yau ka bar shayi, ka sha wannan ka huta. Nono ya ji a ciki." Na sha har na kwankwaɗe, na sa masa albarka. Har yau ban sani ba ko fura ce kawai.

Daren nan na yi barci mai daɗi. Duk sanda na juya ina jin igiya tana jana, in ce a raina, Goshi na nan. Da gari ya waye na bi igiya da ido, sai ga akuyar Saratu ɗaure a bakinta, tana tuƙa tana kallona. Turken Goshi wayam!

Wayyo, ƴan'uwa! Na yi ihu har maƙwabta suka fito. Musulmi da Kirista, duk suka bazu bin sawu, Allah ya saka musu. Wa ke gaba? Bulus. Shi ya goya ni a babur zuwa wurin jandarma. Shi ya bi ni kasuwa kasuwa muna leƙa kara, wurin da ake sayar da shanu. A tsakar gidana ya durƙusa ya yi addu'a Allah ya tona asirin ɓarawo, har da hawaye, ni kuma ina cewa amin.

Tun daga ranar na ɗauki barci abokin gaba. Shi ya ci amanata, in ji ni. Na koma shayi mai ɗaci, da goro, da ƴan ƙwayoyin nan da masu talla ke yawo da su. Har Saratu na fara yi wa kallon zargi, tunda akuyarta ce. Ta gani, ta haɗiye.

Allah ya amsa addu'ar Bulus kuwa. Bayan wasu watanni na je kasuwar Agiye, sai na hangi wani sa yana jan amalanken wani dattijo. Na ce, "Goshi!" Ya ɗaga kai, ya yi kuka, ya nufo ni da amalanken gaba ɗaya. Dattijon mutumin kirki ne. Ya ce, "Malam, ni saye na yi a gaban shaidu. Wani dogo mai wushirya ya kawo shi, ya ce na ɗan'uwansa ne, ba shi da lafiya." Tun bai rufe baki ba na gane Bulus ne.

Aka tara mu gaban maigari. Bulus bai yi musu ba. Maigari ya tambaye shi, "Kai yanzu ba ka ji tsoron ya farka ya kama ka ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na san barcinsa."

Na san barcinsa! Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da na faɗa masa muna dariya a bakin shayi, shi ya ɗauka ya yanka ni da shi. Ya tsuguna a kaina ina minshari, ya kwance, ya ɗaura, ya tafi.

Danginsa suka sallami dattijon, aka maido mini da sana. Bulus ya ƙetare iyaka ya bar ƙasar, ko sallama bai yi mini ba. Mutane suna ta yi mini barka, suna cewa yanzu sai ka huta. Ina! Sa ya dawo, barci bai dawo ba. Abin ma ƙaruwa ya yi. Na mayar da igiya ƙafata, amma in ta ja sai in zabura in haska fitila in ga ko akuya ce. In ba ta ja ba, nan ma in zabura. Da na rufe ido sai in ji muryarsa, na san barcinsa. In kwana ina shirya abin da zan faɗa masa, da abin da zan yi masa, abubuwan da ba zan iya maimaitawa a ɗakin Ubangiji ba. Na rame, idona ya yi ja, yara suna ganina su bar tsakar gida. Fura kuwa na daina sha, ko daga hannun wa. Saratu ta dama ta kawo, in ture da ƙafa. In mutumin da aka yi mana baftisma tare zai yi mini haka, wa ya rage?

Na daina zuwa sujada ma. Ba na iya kallon wurin zaman nan na kusa da taga.

Barcin da na hana kaina a kan tabarma, sai ya biyo ni kan hanya. Wata ranar kasuwa muna dawowa da rana tsaka, Saratu na bayan amalanke da jaririyarmu a goye. Ban san sanda kaina ya faɗi ba. Goshi ya hau tsakiyar kwalta. Ihun Saratu na ji, da ƙarar birki, sai ga hancin babbar mota dab da mu, har zafin injin yana dukan fuskata. Direban ya sauko ya zage ni tas, kuma ya yi daidai.

Muka kai gida. Da yamma na ɗauko igiya zan ɗaura, sai Saratu ta zo ta zauna a bakin tabarma ta riƙe ta. Ta ce, "Maigida, Bulus sa ya sata, an maido. Sauran da ya rage, kai kake miƙa masa kullum. Yau saura kaɗan ka ba shi ni da ƴarka."

Na buɗe baki in yi faɗa, sai kuka ya ƙwace mini. Ƙato da ni! Muka durƙusa. Ban yi addu'a mai tsari ba. Na ce, "Yesu, kai ma wanda kuke ci a kwano ɗaya ne ya bashe ka, ka san zafin nan. Na gaji. Na yi gadi na kasa. Ga sa, ga gida, ga Bulus, ka riƙe, ni ba zan iya ba." Saratu ta ce amin. Ta tashi ta damo fura ta miƙo mini. Na daɗe ina kallon ƙwaryar, sannan na kafa kai.

Ta naɗe igiyar ta shige da ita ɗaki, ni ma na bi ta.

Ƴan'uwa, rana ce ta tashe ni! Ashe Lahadi ce, har kun tashi daga sujada ina kwance. Na fito na tarar da Goshi a turkensa yana cin harawa. Ban yi gadinsa ba, kuma yana nan. Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba. Ƙwayoyin nan sai da na je likita aka taimake ni kafin na rabu da su. Shayi yanzu ba na sha in la'asar ta wuce. Bulus kuma har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Abin yana yi mini ciwo, sosai ma. In kun tambaye ni ko na yafe, ina yafewa da yamma kafin in kwanta, wani lokaci da safe in tarar abin ya dawo, in sake. Amma ina barci. In Bulus ya dawo, wurin zamansa na nan, Allah ya ba ni ƙarfin miƙa masa hannu.

Na gode wa Ubangiji da ya tsare mini matata da ƴata a kan kwalta, ya maido mini da barcina. Kai da ke zaune a nan, wani naka ya ci amanarka, kana kwana kana juyi, ka ji daga bakin wanda ya gwada: gadinka ba zai tsare komai ba. Allah ba ya barci, to don me ku biyu za ku kwana a farke? Ka miƙa masa, ka kwanta.

Ga igiyar nan na zo da ita. Fasto, na ga ta gugan rijiyarmu ta tsinke. A ɗaura wannan, tana da ƙarfi, ni na gama da ita.

Yabo ga sunan Yesu. Amin!