Fitilar Mai Fentin Kwale-kwale

A kasuwar Haɗeja, tsoho Shu'ibu, mai fesa wa kwale-kwalen wasan yara fenti, ya tsaya a gajiye gaban wani mai sayar da fitilu.

"Ba ni wadda ba ta ƙarya. Fitilar ƙwai rikita mini shuɗi da kore take yi."

"Ga ta gas, Baba. Haskenta fari tas."

"Na gwada. Duk ɗaya ne."

"To ka riƙa feshin da hantsi mana. Babu fitilar da ta kai rana."

Shu'ibu ya daɗe yana juya ɗan kwale-kwalen da ke hannunsa.

"Da hantsi na fesa wannan. Wane launi ne, ɗana?"

"Kore ne, Baba."

"Shuɗi nake gani," in ji shi a hankali. "Mayar da fitilarka. Idon ne ya gaji."