Jami'ar Keken Ɗinki

A ɗakin jiran wani kamfanin manhaja, masu neman aiki biyu suka rage: wani saurayi mai kwat, da wani tela rungume da tsohuwar kwamfuta.

"Malam, wace jami'a ka yi?" in ji saurayin.

"Jami'ar keken ɗinki. Na shiga zauren masu rubuta manhaja a intanet na yi tambaya, ba wanda ya kula ni. Sai na ga tambayar wata ta kwana uku ba amsa, tausayi ya kama ni, na amsa mata."

"Ka san amsar?"

"Ina fa! Mutum goma suka taso mini, kowa da gyaransa. Na sha kunya, na kwashe gyaran. Shekara huɗu ke nan ina taimakon mutane da abin da na koya jiya."

Saurayin ya yi dariya. "Ni ma takarda kawai jami'a ta ba ni. Akwai wani a zauren da ake kira Mai Almakashi, farfesa ne ba shakka. Amsoshinsa na haddace na taho."

Telan ya sunkuyar da kai.

"Har da wadda ya bayar kan adana bayanai?"

"Har da ita."

"To ɗan'uwa, in an tambaye ka, kar ka faɗe ta. Kuskure ce. Ina cikin yanka wando na rubuta ta, shi ma wandon sai da aka dawo mini da shi."