Ayabata Ta Ruɓe, Na Koma Kiwon Kifi

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Audu, manomi ne ni a Gwagwalada, ƙasar Abuja.

Ina da gonar ayaba a fadama, gadon mahaifina. Bara sai ganyen ya fara yin rawaya. Na sare ayaba guda, na tarar cikinta ya ruɓe, ya yi baƙi, yana wari. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce, "Malam Audu, cutar funfuna ce, a cikin ƙasa take zama. Sare duka ka ƙone, kada ka sake dasa ayaba a nan."

Na ce, "To, me iyalina za su ci?"

Ya ce, "Wurin nan yana riƙe ruwa. Haƙa tafki ka zuba kifi."

Haka na yi. Mutane suka yi ta dariya, wai kifi ba akuya ba ne da za a kiwata. Yanzu tarwaɗa sun girma, muna ci muna sayarwa.

Ga tambayata. Maƙwabcina Ɗanladi yana so in sakar masa ruwan tafkin cikin tasa ayabar. Ruwan zai kai masa cutar? Na hana, ya daina gaishe ni. Masana ku ba mu amsa, don shi ma yana sauraro.