Kwamfutar Da Ba Ta Neman Caji

A tashar Tambuwal, cikin motar Kebbe da ta ƙi cika, Malam Siddiƙ, malamin Islamiyya, ya rungume jakar kwamfutarsa yana ta tsaki. Dattijon da ke gefensa ya kasa haƙuri.

"Malam, lafiya? Lalacewa ta yi?"

"Ina fa, Baba! Sabuwa ce dal. Lafiyar tata ce ta ishe ni."

"Ikon Allah! Ana kuka da lafiya?"

"Tsohuwar tawa in ba wuta ko motsi ba ta yi. Duk Kebbe an san halinta. Mai son katin walima ya zo, in ce, 'Ai ka ga ba wuta,' mu rabu da mutunci."

"To, wagga fa?"

"Wagga wuni guda ba ta neman caji! Tun da anka ji labari ban sake cin tuwo da zafinsa ba. Jiya a ƙofar masallaci wani ya tare ni, ko takalmi ban sa ba."

"Mutane ba tausayi," in ji dattijon. Ya leƙa kujerun da ba kowa. "Wuni guda ka ce? Tana rubutun Larabci?"

"Tana yi."

"Alhamdulillahi! Ɗiyata Mu'minatu ta sauke, walima ran Asabar a Fakku. Tunda motar ga ba ta cika ba, buɗe ta."

Malam Siddiƙ ya buɗe baki zai ce ba wuta, sai ya tuna. Ya zuge jakar.