Ruwan da Na'urata Ba Ta Gani Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Ishaya. Ina koyarwa a firamaren wani ƙauye da ke bakin kogi, gabas da Haɗeja. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Farko dai, an sa ni cikin malaman da za su yi kwas ta intanet, aka ba ni kwamfutar hannu. Karatuna bai yi zurfi ba, saboda haka na ga kamar an buɗe mini duniya. Darussa, taswira, hasashen yanayi, duk ga su a tafin hannuna. Abu ne mai amfani, ban musa ba. Ni ne na mayar da shi abin bauta. Na daina addu'ar safe. A nan cikin sujada, Fasto yana wa'azi, ni ina latse-latse a ƙarƙashin benci. Matata Rahila ta yi magana har ta gaji. Duk wanda ya gaya mini abu, sai na duba na'ura kafin in yarda.

Sai aikin ƙarshe na kwas ya zo: a ɗauki bidiyon darasi a wajen aji, a tura kafin Juma'a. Ƙarshen damina ne. Na zaɓi wani tudu a tsallaken fadama, domin can ne sabis ya fi ƙarfi. Tsakaninsa da makaranta akwai kwari da ake bi da ƙafa.

Ran Laraba da safe na jera yara ashirin da bakwai. A bakin kwarin muka haɗu da Baba Modu, tsohon masunci, kakan ɗalibata Falmata. Ya ce, "Malam, kada ka ƙetare da yaran nan yau. Kogi ya yi ja tun jiya, ga kainuwa tana gangarowa. Ruwa yana hanya."

Na nuna masa na'ura: rana ce tarwai, babu hadari har kwana uku. Ya ce shi bai iya karanta wannan ba, amma in ba shi jikarsa. Na hana. Ita ce ta fi kowa iya amsa tambaya, ina sonta a bidiyon.

Ga kuskurena. Samaniyar Haɗeja kaɗai na'urar ta nuna mini. Ruwan da ke cika kogin nan kuwa a yamma ake yinsa, can wajen Kano, ya yi kwanaki yana tafiya kafin ya iso mu. Kowane manomin shinkafa ya san haka.

A kan tudu na kafa na'urar a jikin itace tana kallon yara, ni na ba kwarin baya. Kun san halina a aji. Na kafa doka: wanda ya yi magana ban kira sunansa ba, zai sha bulala. Na ɗauki darasin sau ɗaya, bai yi mini ba. Na sake. A na uku na ga idanunsu ba a kaina suke ba. Falmata ta ɗaga hannu, na yi kamar ban gani ba. Ta sake ɗagawa, na harare ta. Tururuwa suna hawa ƙafata, na kakkaɓe na ci gaba.

Sai da wani ƙarami ya fashe da kuka na juya.

Babu kwari. Ruwa ne ja, yana tafiya ba ƙara, yana cin tudun kaɗan-kaɗan. Yaran sun daɗe suna kallonsa yana tasowa, tsorona ya rufe musu baki.

Na kira hedimasta, bai ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Na dubi na'urar da na dogara gare ta, har yanzu hoton rana take nunawa. A nan na durƙusa cikin laka gaban ɗalibaina. Na ce, "Ubangiji Yesu, ni na yi laifi. Kada ka bar jinin yaran nan a hannuna."

Ban tashi ba sai da na ji suna kiran "Baba, Baba." Baba Modu ne a kwale-kwale. Ashe bai fita kamun kifi ba ranar, ya ce zuciyarsa ce ta ƙi. Na san wanda ya tsayar da shi. Sawu huɗu ya yi. A na ƙarshe ruwa ya kai mini gwiwa. Bai zage ni ba. Da muka sauka ya ce kawai, "Ƙirga su, Malam." Na ƙirga sau biyu. Sun cika.

Ban tura bidiyon ba, na faɗi kwas ɗin, sai da na maimaita. Amma na kalle shi sau ɗaya ni da Rahila. Ga hannun Falmata a sama, ga muryata tana bayani a kan amfanin kogi. Rahila ta riƙe hannuna muka yi addu'a.

Har yau ina koyarwa da na'ura, amma ta koma kayan aiki. Na roƙi gafarar iyaye gida-gida. Wasu sun yafe, wasu har yanzu ba sa amsa gaisuwata, kuma suna da gaskiya.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya cece ni daga girman kai, ya kuma mayar da yara ashirin da bakwai hannun iyayensu. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi shi kaɗai. In ya aiko muku da gargaɗi, ko ta bakin wa ya zo, ku tsaya ku ji. Amin.