Yawun da ba na goro ba

Ƴan'uwa, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Na san ku, kun san ni. Ni ne Bawa, wanda in yac ce ya ga kura, to, akuya ce yag gani. Amma na yau, in kun isa ku ƙaryata. Ga Ladi matata zaune, ku tambaye ta.

Da kakar nan ina yankan hatsi a gonata ta Kiyeshe, kububuwa tas sare ni ga idon ƙahwa. Nid dubi wurin, ƴan ɗigo biyu, nik kwashe da dariya. Ni da nish sha maganin maciji wurin boka tun ina saurayi, har ina yawo kasuwa ina cewa maciji in ya cije ni shi ka mutuwa! Na shekara uku ina zuwa majami'a, amma layar da bokan yab ba ni tana nan ɗaure ga damtsena, ƙarƙashin riga. Ku gahwarta mani, gaskiya nika hwaɗi.

Da sahe ƙahwa ta zama turmi. Ladi tac ce, "Malam, ko ka hau jaki, ko in ɗaure ka bisa shi." Munka taho Dogon Dutsi gidan likita.

Kun san yadda aka yi can. Kowa ya aje takalminai ga layi gaban ƙohwa, ya koma inuwa ya jira. Takalma sun kai daga nan har dutsi! Na hwarko, baƙi mai walƙiya, na wani komi ne, magatakardan ohishin gwamnati, mai ciwon baya. Nawa hwaɗe ne, takalmin hwata na talaka, shi na ƙarshe, kusa da inda aka ɗaure jakkai.

Ina zaune ina ba mutane dariya, ina tohwa yawu. Ja wur. Ban damu ba. Sai dai Ladi ta kama hannuna, leɓenta na motsi. Nij ji tana cewa, "Yesu, ga shi can baya, kai kaɗai ka ganinai." Nis sa hannu cikin riga nit tsinke layar, nic ce cikin raina, "Ubangiji, na bar wasa. Ka dube ni."

Ban gama addu'ar ba, majo, babban ma'aikacin jinya ke nan, yah hito. Ƴan'uwa, ko kallon takalman nan bai yi ba! Yat tsallake su yaz zo inuwa, shina bin mutane ɗai ɗai. Wanga ya ja mai hwatar ido, wancan ya kama mai wuyan hannu. Wata mai ihu har ƙasa, yat taɓa ta yac ce, "Inna, kina da ƙarhi, jira." Da yak kawo gare ni, ƙasa yad duba, inda nika tohi.

"Goro kac ci?"

"Majo, rabona da goro tun shekaranjiya."

"Buɗe baki."

Jini ne, daga dasashi shika zuba. Yac ce dahin ya tsinke mani jini, da na jira layi, gawa Ladi za ta aza bisa jaki. Yad daka tsawa, mutum biyu sunka ɗauke ni cak, anka bi da ni bisa takalman nan duka. Allura, allura, kwana tara. Ga ni tsaye!

Wa yak kai idon mutumin nan ga yawu cikin rairayi? Har yau in na tuna, bakin nan nawa mutuwa shika yi. Na gode ma Yesu! Ko takalminka na can wurin jakkai, kar ka yanke ƙauna, shina ganinka.

Komin nan mai baƙin takalmi kau ya tashi shina hwaɗa, wai nashi takalmi na gaba, tun asuba. Majo ko juyowa bai yi ba, yac ce, "Yallaɓai, gonar Kiyeshe na nan. Tahi maciji ya sare ka ka komo, ni da kaina za ni goya ka."